Daga narka sule zuwa adana shi

Asalin sana'ar gidanmu ƙirar fari ce, zobe da awarwaro da 'yan kunne, a wani ɗan shago kusa da kasuwar Wunti a Bauchi. Tsofaffin kuɗi sun shigo mini ne ta hannun mata masu kawo sulallan kakanninsu a narka musu. Yanzu na daina sa su a wuta. Saye nake yi, in haɗa su jeri, in tura wa masu tarawa hotuna ta WhatsApp.

Kwanan baya wata dattijuwa daga Darazo ta kwance bakin zanenta, ta zube mini kwabbai masu huji a kan tebur. Ta ce, "Ɗan nan, jikana ya gani a waya, wai na sarkin da ya ajiye sarauta ne, kuɗi ne mai yawa." Na ce, "Inna, jikanki bai yi ƙarya ba, amma bai ji ƙarshen zancen ba." Edward na 8 ya sauka daga gadon Ingila a Disamba 1936, bai cika shekara ba. Ingila kanta ba ta saki kuɗinsa a kasuwa ba, amma mu nan an kawo mana, tunda kobo mai huji ba ya ɗaukar hoton sarki, sai suna. An kuwa buga su jibgi, shi ya sa har yau ba su da wani tsada.

Abin da ke sa jeri tsada shi ne guda ɗaya ko biyun da suka ƙi samuwa. Mai tarawa na gaske ba anini da ɗari da kobo da toro da sisi da sule da fataka kaɗai yake nema ba. Yana son na kowace shekara, kuma na kowace maƙera, wato gidan da aka buga kuɗin. Akwai wani ɗan mitsitsin harafi da sai da gilashi ake ganinsa: H ko KN, maƙeru biyu na Birmingham. Shekara ɗaya, kamanni ɗaya, amma harafin nan kan raba farashi nesa ba kusa ba.

Aninin farko na 1907 da alminiyum aka yi shi, damshi ya riƙa cinye shi, a 1908 aka sauya ƙarfe. Samun lafiyayye sai an sha wuya. Na azurfa kuwa, waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1920, mu maƙera ne muka gama da su. Allah ya jiƙan mahaifina, ba zan iya ƙirga fatakar da ya mayar awarwaron amare ba. Kwabbai masu huji kuma wasu sun tafi a rufin kwano, an zura musu ƙusa. Ragowar sai a dirje su da toka da lemon tsami don su yi ƙyalli, a kashe musu daraja, domin mai saye ya fi son baƙin tsufan nan.

Cikin kwabban Inna sai ga wani ɗan toro da ya yi baƙi ƙirin, 1913, na azurfa, ba a taɓa goge shi ba. Na faɗa mata abin da zan biya a kansa shi kaɗai. Ta dube ni, ta dubi toron, ta ce in sake faɗa, kunnenta ba ya ji sosai.