Wasiƙa daga Ingila: me ke kai mu gidan kansila?

'Yan'uwana mutanen Kaduna, assalamu alaikum. Ya iyali, ya kuma haƙuri da tsadar rayuwa?

A nan Birmingham, idan za a tayar da wani babban gini a unguwa, sai ka ga takarda cikin leda ɗaure a jikin turken fitilar titi: ga abin da ake son yi, duk mai ƙorafi yana da kwana 21. Tsofaffi kan tsaya, su gyara tabarau, su karance ta tas. Kada ku zaci aljanna ce. A 2023 majalisar birnin nan ta fito ta ce asusunta ya gaza, amma ko tsiyar tasu a bainar jama'a aka baje ta.

Mu ma ba a rufe mana ƙofa ba, a takarda dai. A 2018 Kaduna ta riga sauran jihohin Najeriya shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati na OGP. An fito da manhajar Eyes and Ears don talaka ya kai rahoton aikin da ɗan kwangila ya yasar, ga kuma tsarin da al'umma ke jera buƙatunta kafin a tsara kasafin kuɗi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, har da namu 23.

To amma me ke kai mu gidan kansila? Ragon suna, kuɗin magani, shinkafar azumi. Wallahi ban ga laifin mabuƙaci ba, sai dai idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Wanda ya karɓi dubu biyar da safe, da wane baki zai tambayi kuɗin kwalbati da yamma?

Roƙona, ko a Rigasa kuke ko Kakuri ko Kawo, ku zauna da mai unguwa, liman, fasto, ƙungiyoyin mata da matasa, ku tsayar da abu biyu ko uku da suka fi ci muku tuwo a ƙwarya. Ku rubuta, ku kai sakatariya tun kafin kasafi ya je majalisa, a buga muku hatimi a kwafinku. Bayan an sa wa kasafin hannu, sai wata shekara.

Mu na waje da muka saba haɗa kuɗin rijiyar burtsatse, bana mu ware na motar waɗanda za su riƙa bin sawun takardar nan.

Naku,
Ɗan Tudun Wada a Birmingham