Na ce musu sun tsira

Duk wanda ya yi damanar 2018 a yankin Madarunfa bai manta da ita ba. A watan Yuli aka fara ganin masu amai da gudawa, wato kwalara, wajen Nyelwa, dab da iyakar Jibiya, kafin ka ce me ciwon ya bi ƙauyukan bakin gulbi ya shigo garin Maradi. Mutum sama da 3,800 suka kamu a Nijar a shekarar, 78 suka rasu. A 2021 kwalarar ta dawo, kuma ta fi ta farko ɓarna. Shi ya sa da aka ce riga-kafi ya iso ana neman masu bi gida-gida, ban tsaya shawara ba na ba da sunana.

Abin da aka koya mana ba shi da yawa. Maganin na sha ne, ɗan ruwa mililita 1.5, a girgiza shi sosai kafin a buɗe. Daga mai shekara ɗaya zuwa sama kowa na sha, har mai juna biyu. Sau biyu ake sha, da ratar mako biyu. Akwatin sanyi kuwa kamar jariri muke riƙonsa, don maganin yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ga rana irin ta Maradi.

Mu biyu ne a tawaga: ni ina tsayawa zaure da maza, abokiyar aikina tana shiga wurin mata. Ranar farko wata tsohuwa ta fito tana naɗe hannun riga, ta runtse ido tana jiran allura. Na ce, "Inna, baki za ki buɗe." Ta sha, ta yatsine fuska, ta ce, "Ɗan wannan tsiyayen ne zai tare abin da ya kwashe mana mutane?" Ni kuma, don in ƙarfafa mata gwiwa, na ce, "Inna, kin sha kin tsira."

Maganar ta yi mini daɗi a baki, sai na yi ta maimaita ta zaure-zaure. Alhali an faɗa mana a horo cewa jiki na buƙatar wajen mako guda zuwa kwana goma kafin kariya ta kankama, kuma ko ta kankama ba ta rufe kowa ruf, musamman yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Na ji da kunnena. Gani na yi dogon bayani zai kori mutane.

Kwana uku bayan nan wani yaro da ni na ɗura masa maganin ya kwanta, yana zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa. Uwarsa ta yi jinkirin kai shi likita, tana cewa ai ya sha magani, ba kwalara ba ce. Sai da ido ya faɗa aka ɗora shi a kabu-kabu. Ƙarin ruwa ya cece shi, da yardar Allah.

Uban ya same ni a ƙofar masallaci bayan la'asar. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Kai yaro, ba kai ka ce mun tsira ba?" Na ce, "Baba, ni na faɗa, kuma ban faɗi daidai ba." Kafin dare labari ya gama unguwa cewa maganin ne ya sa wa yaron ciwo, alhali ƙwayoyin da ke cikinsa matattu ne, ba su iya kwantar da kowa.

A zagaye na biyu mun ga sakamako. Gidajen da aka yi mana layi da farko, yanzu sai a ce maigida ya tafi gona. Sai da liman ya ba ni wuri bayan sallar Juma'a na yi dogon bayanin da na guje wa: a sha na biyu, a ci gaba da jefa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwan sha, a bido, a wanke hannu da sabulu, kuma wanda zawo ya kama a haɗa masa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana hanyar likita. Wasu sun dawo. Wasu har muka rufe rajista ba su dawo ba.

A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa maganin ya yi ƙaranci a rumbun ajiyarsa na duniya, za a koma ba da sha ɗaya a wuraren annoba. Da na ji a rediyo, gidajen nan na tuna, waɗanda an kai musu na biyun har ƙofa.

Uban yaron yana cikin waɗanda suka dawo. Ya sha nasa a tsaye, ya ninke katin ya cusa a hula, bai ce mini komai ba.