Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Malamin da ban taɓa zama gabansa ba

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a isowata Mosko cikin kakar 1981, bayan na gama shekarar koyon Rashanci. Yau zan jingine zancen aji da narka ƙarfe, domin akwai tambayar da yaran da nake koya wa ches a Kaduna suke yawan yi mini, wasunku ma sun maimaita ta: wai wa ya koya maka? Mutane da dama sun zauna da ni a kan allo, amma wanda nake kira malamina shi ne Mark Dvoretsky, wani shahararren kocin ches ɗan Rasha. Ban taɓa zama gabansa ba, shi kuwa har ya mutu a 2016 bai san da ni a duniya ba. A takarda na yi karatu wurinsa.

Sai wanda ya zauna a Tarayyar Sobiyet zai gane matsayin ches a wurin mutanen nan. A wancan zamani gwamnati ce ke biyan manyan 'yan wasa albashi. Yara na zuwa ajin ches bayan an tashi makaranta. A lambun Sokolniki za ka tarar da tsofaffi sun duƙufa a kan allo, ƙanƙara na zuba a kafaɗunsu, babu mai ɗaga kai. A kakar da na iso, Anatoly Karpov yana kare kambunsa na duniya a garin Merano na Italiya, abokin karawarsa kuwa Viktor Korchnoi ne, wanda ya gudu daga ƙasar a 1976. Jaridun Mosko ko sunansa ba sa son bugawa, sai dai su ce "mai ƙalubale". A ɗakin kwananmu na ɗalibai kowa ya zama gwani, har waɗanda ba su san yadda doki ke tsalle ba.

Ni da hannun dara na taso. Tun ina yaro nake tsugunawa bayan manya a gindin darbejiya ina kallon yadda ake jera uku a ci. Wannan ya ba ni idon hango tarko, shi ya sa cikin 'yan watanni na fara cinye abokan ɗakina. Daga nan na shiga kulob ɗin ches na kwalejinmu, inda wani dattijo, injiniya mai ritaya, yake kula da allunan da agogunan. Ya kalli wasana na wani lokaci bai ce uffan ba. Wata rana da yamma sai ya share allon da gefen hannunsa, ya bar 'ya'ya huɗu kacal.

Ga yadda ya jera su, mai allo a kusa ya gwada. Sarkin fari yana kusurwa a gidan h8, sojansa guda a c6. Sarkin baƙi yana gidan a6, sojansa a h5. Fari ne da tafiya. Ya ce, "Saurayi, ka nemo wa fari canjaras."

Duk mai ido zai ce fari ya mutu. Sojan baƙi taku huɗu ya rage masa ya kai ƙarshen allo ya zama sarauniya, kuma ya riga ya tsere wa sarkin fari. Sojan fari kuwa taku biyu sarkin baƙi zai yi ya cinye shi. Amsar ita ce sarki ya bi karkace: g7, sannan f6, sannan e5. A kan allon ches tafiyar karkace da tafiyar miƙe tsawonsu ɗaya ne. Daga h8 zuwa h2 taku shida ne, ko ka bi gefen allo, ko ka ratsa ta e5. To da sarki ya tsaya a e5, yana kusa da wuri biyu a lokaci guda. In baƙi ya tsaya cin sojan c6, sarki ya zarce f4 ya kamo sojan da ya tsere. In baƙi ya ci gaba da tura sojansa, sarki ya koma d6 ya raka nasa sojan, kowa ya samu sarauniya. Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa, amma wannan sarkin ya tauna. Richard Réti ne ya ƙirƙiro wannan matsalar a 1921.

Dattijon ya ce mini wanda bai san ƙarshen wasa ba, bai san abin da yake nema a tsakiyarsa ba. Sannan ya buɗe kabad ya miƙo mini wani tsohon fayil cike da shafukan da ya yanko daga mujallun ches na Mosko. Da yawansu sunan mutum ɗaya ne a ƙasa.

An haifi Dvoretsky a Mosko ranar 9 ga Disamba 1947. A 1973 ya ci gasar birnin Mosko, wadda a wancan zamani ta fi gasar ƙasashe da yawa zafi. A 1974 ya shiga gasar Tarayyar Sobiyet baki ɗaya a Leningrad, ya raba matsayi na biyar, a shekarar da Mikhail Tal da Alexander Beliavsky suka raba na ɗaya. A 1975 ya ci rukuni na biyu na gasar Wijk aan Zee a ƙasar Holan, kuma a shekarar ce aka ba shi lambar masta na ƙasa da ƙasa. Mataki ɗaya ya rage masa ya zama giranmasta, wato lambar da ke saman ta masta, kuma masana sun yarda ƙarfinsa ya riga ya kai. Sai ya juya ya kama koyarwa.

Mutane kan yi mamakin wannan. Ni ban yi ba, saboda na ga yadda tsarin yake. Lambar giranmasta ba ta samuwa sai a gasar da baƙi ke ciki, fita waje kuwa sai Kwamitin Wasanni ya sa sunanka, ga gwanaye birjik suna jiran kujera ɗaya. Ban da haka ma, abin da ya fito daga hannunsa a shekarun nan ya isa ya nuna wa mutum inda baiwarsa take. Valery Chekhov ya ci gasar matasa ta duniya a 1975, Artur Yusupov ya ci a 1977, Sergei Dolmatov ya ci a 1978. Duka ukun ɗalibansa ne. A 1981 shi ne kocin Nana Alexandria lokacin da ta kara da Maia Chiburdanidze a kan kambun mata na duniya, aka tashi 8 da 8, kambu ya zauna wurin mai shi. Daga baya Alexey Dreev, wani yaronsa, ya ci gasar 'yan ƙasa da shekara 16 ta duniya a 1983, ya sake ci a 1984.

Abin da ya kama ni a rubutunsa shi ne ba ya yi wa mai karatu ta'aziyya. Zai kawo matsayi daga wasan gaske, ya ce ka rufe shafin, ka kunna agogo, ka yi tunani kamar kana gasa. Sai ka yanke shawara sannan ka buɗe ka ga inda ka kauce. Yana da akwatin katuna da ya shahara a duniyar ches, dubban matsayi da ya tara shekara da shekaru, kowanne an ajiye shi a ƙarƙashin irin ƙwarewar da yake gwadawa: wannan na lissafi mai nisa ne, wannan na kare kai ne, wannan na sanin lokacin musayar 'ya'ya ne. In ɗalibi ya zo, sai ya bi wasanninsa ya gano inda yake yawan faɗuwa, ya zaro katunan da suka dace da ciwon. Ba ya ba kowa magani iri ɗaya.

Na kwaikwayi wannan gwargwadon ƙarfina. Nakan yanka kwali, in zana allo da biro, in rubuta amsa a baya. Abokin ɗakina, wani ɗan uwa daga Sakkwato da ya girme ni, yakan ce, "Kai ƙanena, gwamnati ta turo ka koyon ƙarfe ko zanen gidan dara?" Nakan ce, "Yaya, duka biyun lissafi ne." Bai taɓa yarda ba, amma shi ne ke tsinto mini kwalayen takalma.

Darasi na biyu shi ne wanda har yau na fi nanata wa yara. Kafin ka taɓa ɗa, ka tambayi kanka: in da abokin karawata ne da tafiya yanzu, me zai yi? Tunanin ba na Dvoretsky ba ne tun asali, Aron Nimzowitsch ya yi maganar rigakafi a kan allo tun shekarun 1920. Amma Dvoretsky ne ya mai da shi atisaye na kullum, abin da ake horar da ƙwaƙwalwa a kai har ya zama ɗabi'a. Mai koyo yakan ƙura wa shirinsa ido ya manta akwai mutum a ɗaya ɓangaren. Ranar da yaro ya fara yi wa kansa wannan tambayar ba tare da an tuna masa ba, rabin wasannin da yake zubarwa sun daina zuba.

Akwai kuma wani fanni da 'yan yanzu ba su san shi ba sam. A lokacin, ana ba kowane ɗan wasa awa biyu da rabi ya yi tafiya 40. In an yi awa biyar ba a gama ba, sai a ɗage wasan. Mai tafiya ya rubuta abin da zai yi a ɓoye, a rufe a ambulan, alƙali ya ajiye. Daren nan ɗan wasa da kocinsa ba barci, suna tona matsayin har asuba, babu kwamfuta, sai allo da shayi. A nan sunan Dvoretsky ya fi fitowa, domin ɗalibansa kan dawo da safe da hanyar tsira a inda kowa ya ɗauka an gama. Da kwamfuta ta yi ƙarfi a shekarun 1990 aka daina ɗage wasa, sana'ar ta tafi. Ni dai ina ganin an yi asara, ko da yake na san babu yadda za a yi.

Ina Mosko aka yi dogon artabun Karpov da Garry Kasparov, wanda aka fara a Satumbar 1984. Wasa 48 aka buga, 40 canjaras, har shugaban hukumar ches ta duniya, Florencio Campomanes, ya dakatar da shi a Fabrairun 1985 babu wanda ya ci. Kowa hankalinsa na kan waɗannan biyun, mu 'yan kulob ɗin dattijo kuwa Yusupov muke bi, don muna jin kamar ɗan ajinmu ne. A gasar fidda wanda zai ƙalubalanci zakaran duniya, ya raba na ɗaya a Montpellier ta Faransa a 1985, ya doke Jan Timman a farkon 1986, ya hau na uku a duniya. Sai Andrei Sokolov ya tare shi a Riga da ratar maki ɗaya tak. Ranar da labarin ya zo, dattijon bai buɗe kabad ɗin agogo ba.

Littattafan Dvoretsky sun fito ne bayan na dawo gida. Na farko ya fito da Rashanci a 1989, a kan fasahar tona matsayi, fassararsa ta Turanci ta fito a 1991 ta ci kyautar littafin ches na shekara a Ingila. Daga 1990 zuwa 1992 shi da Yusupov suka buɗe makarantar matasa masu hazaƙa, darussanta suka zama littattafai biyar. A cikin wannan tsakanin ne ɓarayi suka harbi Yusupov a gidansa na Mosko, ya sha da ƙyar, daga baya ya koma Jamus da zama. Babban aikin Dvoretsky, wanda aka fi saninsa da shi, shi ne Endgame Manual, littafin ƙarshen wasa da ya fito da Turanci a 2003. Dabarar da ya yi a ciki ta burge ni: abin da ya zama dole ka haddace an buga shi da shuɗin tawada, sauran bayani da baƙi. Ya kuma cusa misalan manyan giranmasta da suka zubar da wasa a matsayin da ke cikin darasin farko, ya ambaci sunayensu ba kara. Haka yake yi wa marubutan da ya kama da kuskuren lissafi. Nasa kuskuren ma in aka nuna masa yakan gyara a bugu na gaba. Bugu huɗu aka yi yana raye, na biyar ya fito a 2020 bayan mutuwarsa.

Amma bari in faɗi gaskiya, don kada wani ya je ya kashe kuɗinsa. Littattafan nan ba na mai koyo ba ne. Don masu neman zama masta ya rubuta su, kuma bai ɓoye hakan ba. Na sha ganin samari a wurin gasa a Legas da Abuja suna yawo da littafin a hammata, shafukan fes kamar ranar da aka saya, ga shi ba su iya matsayin Lucena da na Philidor ba, waɗanda su ne abacadar ƙarshen wasan hasumiya, wato ɗan da ke tafiya a miƙe. Yaron da ya fara jiya, in ka ɗora masa wannan nauyi, gudu zai yi. Yusupov ya rubuta jerin littattafai tara da ke hawa daki-daki, su nake ba yarana. Na malamin nasa kuwa shuɗin rubutun kawai nake tsamo musu, shi ma sai wanda ya yi shekara biyu yana zuwa ba fashi.

Dvoretsky ya mutu a Mosko ranar 26 ga Satumba 2016, yana da shekara 68, da lambarsa ta masta ta 1975. Giranmasta da yawa da suka fi shi lamba sun zauna gabansa da biro da takarda.

A hunturun 1983 wata wasiƙa ta iso mini daga gida da rubutun ajami na mahaifina. Wani ɗalibi da ya je hutu ya ba shi labari cewa ɗansa ya zama ɗan shaɗaranji, wato ches, a ƙasar kwaminis. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san yadda malaman Malikiyya suka tsananta a kan wannan wasa, Baba kuwa almajiri ne na gaske. Abin da wasiƙar ta ƙunsa, da amsar da na mayar, da rawar da kawuna ya taka a tsakani, su za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.