Ranar da muka tuɓe rawanin Don Diyeg

A shekarun da na yi ina koyar da Faransanci a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Damagaram, babu littafin da yara ke gudu kamar Le Cid. Wasan kwaikwayo ne a waƙe daga farko har ƙarshe, kusan kowane baiti gaɓa 12, da irin Faransancin da ko a Faransa ba a cin kasuwa da shi yanzu. Ga zafin Afirilu, ga rufin kwano, ina karanta baitoci rabin aji na gyangyaɗi. Wata rana na rufe littafin na ba su labarin da Hausa. Ban kai tsakiya ba gardama ta kaure, har malamin ajin da ke kusa ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi. A ranar na ƙudura mu juya shi zuwa Hausa, mu yi wasansa a bikin rufe lakwal.

Ga wanda bai san shi ba: Pierre Corneille ne ya rubuta shi, aka fara nuna shi a Paris a farkon 1637, labarin kuma a birnin Sebil na Sipaniya yake. Rodirig na son Shimen, magana har ta kai ga manya. Sai sarki ya zaɓi mahaifin yaron, tsohon barde Don Diyeg, ya ba shi tarbiyyar yarima. Mahaifin yarinyar, Don Gomes, da ke ganin shi ya fi cancanta, ya tare tsohon da baƙar magana, ya ɗauke shi da mari. Tsoho ya zare takobi, hannu ya gaza. Sai ya miƙa wa ɗansa. Rodirig ya kashe uban masoyiyarsa, ita kuma ta faɗi gaban sarki tana neman jinin wanda take so.

Kuskurena na farko a fassarar ne. Na tsara ta da ra'ayin da na saba da shi: masoya ne masu gaskiya, iyaye su ne ƙaya. Na sa Don Diyeg yana zare ido yana daka tsawa. A gwaji na uku yarinyar da ke fitowa a Shimen ta ajiye takardarta ta ce, "Mushe, ka yi haƙuri, amma da Rodirig ya ƙi rama wa babansa, ni ba zan aure shi ba. Wanda aka mari ubansa ya sunkuyar da kai, ni me zai tsare mini?" Kunya ta kama ni, don maganar tana cikin littafin. Rodirig da kansa ya yi wannan lissafi kafin ya ɗauki takobin, Shimen ma daga baya ta yarda cewa abin da ya hau kansa ya yi. Shekara da shekaru ina rubuta wa yara wannan a allo saboda jarrabawa, ban taɓa jin nauyinsa ba sai a bakin 'yar shekara goma sha bakwai. Son da take masa da biyayyar da yake wa ubansa igiya ɗaya ce, ka ja nan can ya motsa. Muka sake rubuta tsohon. Ya daina tsawa, ya koma magana ƙasa-ƙasa, irin ta dattijon da ƙarfinsa ya tafi, sunansa kaɗai ya rage masa.

Sai batun marin. Mun yi wa mai fitowa a Don Diyeg gemun auduga da rawani, muka aro masa babbar riga. Abokinsa, wanda kullum suke kokawa a fili, ya ɗaga hannu ya kasa saukewa. Ya ce, "Mushe, wallahi ba na iya marin furfura, ko ta auduga ce." Na yi lallashi, na yi faɗa, a banza. Baba maigadi, da ke kallonmu kullum daga gindin dogonyaro, shi ya raba gardamar. Ya ce mini, "Malam, ai ba sai ya mare shi ba. Ya sa hannu ya ture rawanin ya faɗi ƙasa." A garin da ake naɗa sarauta da rawani ba sai an yi wa kowa bayani ba. Ranar wasa, da rawanin nan ya warware a ƙasa, salati na ji daga layin iyaye, wata tsohuwa har ta miƙe tsaye.

Wurin da na fi jin tsoro kuwa shi ya fi sauƙi. Rodirig ya shigo gidan Shimen bayan kisan, ya miƙa mata takobi ta kashe shi. Ba ta ce tana son sa ba, cewa kawai ta yi ba ta ƙi shi ba. A Faransanci sai na ɓata rabin awa ina bayyana dabarar faɗin kaɗan a nufi da yawa. A Hausa ko minti ban yi ba. Yaran da suka tashi suna ganin uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, mata ba ta kiran sunan miji, sun san alkunya tun kafin su san sunanta a littafi. Yarinyar ta ja mayafi, ta juya baya, ta faɗi kalmominta ga bango. Filin ya yi tsit.

Akwai inda na kauce, kuma har yau bai kwanta mini ba. Mayaƙan da suka zo ta kogi da dare, waɗanda Rodirig ya fita da mutum 500 ya tare su, ya isa bakin ruwa da 3,000, Musulmi ne. Sarakunansu biyu da ya kama su suka kira shi Sid, wato Cid ɗin da ke sunan littafin, daga kalmar Larabci sayyid. Wani yaro ya tambaye ni a aji, na faɗa masa gaskiya, har na ƙara da cewa mutumin tarihi da aka gina labarin a kansa, wanda ya mutu a Balensiya a 1099, ya yi wa sarakunan Kirista aiki ya kuma yi wa na Musulmi. Amma a dandali "mahara" muka ce. Na zaɓi zaman lafiya da iyaye, na rage wa 'yan kallo wani abu da ya kamata su tauna.

Fadar sarki ba ta ba mu wahala ba. Wanda ya taɓa wucewa ta Birni, unguwar fadar sarkin Damagaram, ranar hawan salla ya san yadda dogarai ke tsayawa da yadda mai ƙara ke zube takalmi ya durƙusa. Amma hukuncin ya raba ajin gida biyu. Bayan Rodirig ya kayar da Don Sansh, wanda ya tsaya wa Shimen, ya kuma bar shi da ransa, sarki ya ce a jinkirta aure shekara guda, saurayin ya koma fagen fama. Wasu yara suka ce a kawo maganar diyya ko yafiya, yadda suka koya a makarantar allo, a rufe zance. Wasu suka ce babu diyyar da za ta sa mace ta zauna ɗaki ɗaya da wanda ya kashe ubanta. Na gaya musu malaman majalisar harshen Faransanci, wadda Kadinal Richelieu ya kafa a 1635, su ma a kan wannan gaɓa suka soki Corneille, suka ce yardar Shimen ta saɓa wa mutunci. Na hana a taɓa ƙarshen. Muka bar shi yadda yake.

Da aka tashi ana kwashe benci, tsohuwar nan da ta miƙe lokacin rawani ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Ɗan nan, an ɗaura auren ko ba a ɗaura ba?" Na ce, "Iya, mai labarin a nan ya tsaya." Ta gyara lulluɓi ta ce ita dai da 'yarta ce ba za ta bayar ba. Ta yi taku biyu, ta waiwayo ta ce amma yaron yana da tarbiyya.