Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bayan an kwance mari

Makon jiya mun tsaya a ranar da aka cire wa wani ɗan'uwa mai taɓin hankali mari daga ƙafa. Yau zan ajiye labari gefe, domin tambayar da kuka fi yi ita ce: bayan an kwance shi, sai me?

Likita tukuna. Dattijo ɗaya na ikilisiya da wani daga dangi su raka shi babban asibitin Maradi, su adana takardar magani. Akan ba da Haldol ko Largactil, magungunan taɓin hankali. Fisge-fisge kan lafa cikin 'yan kwanaki, amma muryoyin da yake ji sai an yi makonni kafin su yi shiru, a nan ne dangi kan karaya su ce magani bai karɓe shi ba. Wani kuma wuyansa ya sandare, hannu na rawa, miyau na zuba, sai a ce iskokin ne suka motsa. Aikin ƙwayar ne. A koma wurin likita ya rage ta ko ya haɗa da Artane, maganin da ke rage sandarewar da rawar hannun. Mai shan Largactil, in zafin Afrilu da Mayu ya shigo, a ajiye shi a inuwa, randa kusa da shi, don jiri kan ɗebe shi in ya miƙe da sauri.

Ziyara kuwa mutum biyu sun isa, mata wurin mace, maza wurin namiji, kada a wuce minti 30. A zauna a tabarma daidai da shi. Bayan gaisuwa a tambaya: "Baba, ka samu barci? Ka ci tuwo?" Wannan tambayar tana da nauyi, domin rashin barci dare biyu ko uku sau da yawa shi ke fara nuna ciwo na dawowa. Addu'a a yi ta da murya ƙasa-ƙasa, ba tsawa, kada a ɗora masa hannu sai an nemi izininsa. Zabura 23 ko 42 ta wadatar. Wanda tsoro ya cika, kada a karanta masa Wahayin Yahaya sai gaba. Kada a sa shi azumi. Da Iliya ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, abinci da ruwa mala'ika ya fara ba shi, ya bar shi ya sake kwanciya.

In ya ce ya gaji da duniya, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. A kwashe igiya da maganin ƙwari daga ɗaki, ƙwayoyinsa su zauna hannun mutum ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar shaida. Mutum ya samu sauƙi, ya tsaya a majami'a ran Lahadi ya ce ya warke, a yi guɗa, ya je gida ya zubar da magani. Bayan 'yan watanni sai a ga an sake ɗauko mari. Don haka Fasto ya gan shi tun Asabar, su shirya ya faɗa da bakinsa cewa yana ci gaba da shan magani.

Mako mai zuwa za mu koma kan ɗan'uwan nan, da ranar da ya fara komawa kasuwa.