Ranar da kifi uku suka mutu a tankin killacewa

Da na dawo daga sallar asuba na leƙa ɗakin da nake ajiye kifi, sai na tarar uku daga cikin kifin teku biyar ɗin da aka kawo mini daga Legas kwana shida da suka wuce suna kwance a ƙasan tankin killacewa, inda nake ware sabbin kifi kafin in saka su a babban tanki, sauran biyun kuma sun taso sama suna ta buɗe baki kamar waɗanda aka shaƙe. Jiya da magariba dukansu sun ci abinci. Ƙaramar ɗiyata ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, mi ya same su?" Na rasa abin da zan ce mata.

Zargina na farko ya tafi ga Amyloodinium, ƙwayar cutar da ke kama abin numfashin kifin teku, wadda kan iya share tanki cikin 'yan kwanaki. Na ɗora ɗaya daga cikin matattun a kan farin faranti na haska shi da tocila ta gefe, domin mai wannan cuta jikinsa kan yi kamar an barbaɗa masa ƙura mai ruwan ɗorawa. Fatarsa tas take, babu kuma fararen ɗigon Cryptocaryon, wata cutar kifin teku, masu kama da ƙwayar gishiri. Amma da na ɗaga murfin abin numfashi da ke gefen kansa, sai na ga ciki ya yi jawur kamar ƙuna.

Daga nan na koma kan ruwan, abin da ya kamata in fara da shi. Zafinsa ya kai digiri 31, alhali 25 zuwa 26 ake so. Nauyin gishirinsa ya tashi daga 1.024 zuwa 1.027, saboda busasshiyar iskar Afrilu a Sakkwato tana shanye ruwan ta bar gishirin, ni kuwa ban cike gurbin da ruwan daɗi ba. Ma'aunin amoniya, gubar da ke taruwa daga dattin da kifi ke fitarwa, ya nuna miligiram 1 a kowace lita. A ruwan teku, wanda pH ɗinsa (ma'aunin tsamin ruwa) ke wajen 8.2, kason amoniya mai guba ya fi na ruwan daɗi yawa, zafi kuma yana ƙara shi. Laifin nawa ne: sabon soso na saka a matatar, bayan na san ƙwayoyin da ke cinye amoniya sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su zauna. Da aka ɗauke wuta cikin dare, batirin inbata ya ƙare, injin hura iska ya tsaya, ruwa mai ɗumi kuwa dama ba ya riƙe oksijin da yawa.

Har na ɗauko kwalbar maganin jan ƙarfe da ake kashe Amyloodinium da shi, sai na mayar da ita, don shi ma guba ne, zai iya ƙarasa kifin da ya galabaita. Na canza rabin ruwan, na ɗauko tsohon soso daga babban tanki, na kuma riƙa jefa gorar ruwa mai ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya domin zafin ya sauka a hankali.

Yanzu an idar da isha'i, zafin yana 27, amoniya ta dawo 0.25, ɗaya daga cikin biyun da suka rage har ya taɓa abinci. Ban wanke Amyloodinium daga zargi ba tukuna, tunda takan kashe ba tare da alama a fata ba, saboda haka gobe da asuba zan sake haska su da tocila.