Darussan da na koya daga kundina kan muhalli a ƙagaggun labaran Birtaniya

Yanzu da na kare kundin digirina na biyu na kuma yi sallama da sashen Ingilishi, ya dace in bar wa masu tahowa abin da na gani, musamman waɗanda za su yi nazarin yadda marubutan Birtaniya na zamani suke kallon muhalli.

Babban ƙalubalena shi ne malamin da aka ba aikin duba kundin. A wurinsa littafi ba ya shiga sahun adabin muhalli sai an ga bala'i ƙarara a cikinsa, ko birni ya nutse ko ƙanƙara ta binne ƙasa. Da wannan ma'auni ya bi babin da na rubuta kan Waterland na Graham Swift, wanda ya fito a 1983, da jan biro tun daga shafin farko, ya rubuta a gefe cewa labarin iyali ne kawai. Na same shi a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, a daure a sake dubawa." Ya turo mini fayil ɗin ba tare da ya buɗe ba.

Har yau ina ganin bai yi wa littafin adalci ba. Tom Crick, malamin tarihin da ke ba da labarin, ɗan yankin Fens ne a gabashin Ingila, wato fadamar da aka dukufa janye ruwanta a ƙarni na 17, zamanin injiniya Cornelius Vermuyden ɗan Holan. Ƙasar wurin ruɓaɓɓen tsiro ce, da zarar ta bushe sai ta motse ta lotsa, har gonaki suka koma ƙasa da kogunan da ke ratsa su, ya zama dole a riƙa tura ruwa sama da injina ba hutu. A ƙauyen Holme da ke yankin akwai sandar ƙarfe da aka binne a tsakiyar ƙarni na 19, kanta daidai da doron ƙasa, yau kuwa ta fito fili da kusan mita 4. Zuri'ar Crick a wannan fama da ruwa da laka suka ƙare rayuwarsu, mahaifin Tom ma mai tsaron ƙofar ruwa ne. Swift ya nuna cewa wanda ya ƙwace ƙasa daga ruwa ya ɗauki bashin da jikokinsa za su yi ta biya, kuma ban san wayewar muhalli da ta fi wannan zurfi ba.

A madadin babin Swift malamina ya sa na faɗaɗa babin The Drowned World na J. G. Ballard, na 1962, inda Landan ta zama tafki mai zafi. Littafi ne mai ƙarfi, amma zafin da ya narkar da ƙanƙarar duniya a cikinsa daga hargitsin rana ya fito, babu hannun ɗan Adam a ciki. Ranar kare kundi, mai jarrabawa na waje ya tambayi dalilin da ya sa babu Swift a aikin da ke magana kan alhakin mutum. Malamina ya yi shiru, ni kuma ladabi ya hana ni cewa komai, aka rubuta giɓin a kaina.

Sauran darussan gajeru ne. Ɗalibi ya adana kowane kwafi da aka yi wa gyara, da rubutun malami a jikinsa. Kada kuma ya ji nauyin karanta littafi daga inda yake tsaye: The Wall na John Lanchester, na 2019, ya kewaye Birtaniya da katanga bayan teku ta cinye gaɓa, ni kuwa da na san matasan da suka bi ta Agadas, hankalina yana kan mutanen da ke cikin kwale-kwale suna neman shiga ƙasar, kuma wannan sashe ne mai jarrabawar ya fi yabawa.

Babin Swift yana nan yadda na rubuta shi, na tura shi ga wata mujallar nazarin adabi da sunana ni kaɗai.